BINDIGA MAI RUWA: YADDA AKA ƘERA TA DA YADDA SOJA SUKA KARƁE TA

 Maganar da muka kawo muku yau ta bindiga ce, bindiga guda ɗaya, wadda kakanninmu suka raɗa wa suna bindiga mai ruwa. Turawa su kan kira ta Maxim, watau da sunan mutumin da ya ƙago ta. Watakila wani ya ce, ina ruwan talaka da bindigar soja? To, da harajin talaka a ke sayenta, in za a tafi yaƙi ɗan talaka ke ɗaukarta a ka, in kuwa aka harba ta galibi ɗan talaka ta ke samu. Saboda haka mu ke ganin ya kamata kowa ya san inda ta fito, da waɗanda suka ci ribarta, da waɗanda suka ƙi ta sa'ad da ya kamata su karɓa.

Tun kafin Maxim an daɗe ana neman bindigar da za ta yi aikin mutum da yawa. A 1862 wani likita Ba'amurke, Richard Gatling, ya ƙera wata mai bututu da yawa, ana juya ta da hannu kamar yadda a ke juya injin niƙa. Bayanta aka yi su Gardner da Nordenfelt, duka da hannu a ke sarrafa su. Aibinsu ɗaya ne. Mutum in ya ga abokan gaba sun taso masa, hannunsa ba ya bin ƙa'ida, sai ya yi ta juyawa da gaggawa, harsashi ya sarƙe, bindiga ta cije a daidai lokacin da a ke bukatarta. Haka ya faru ga Ingilishi a Sudan cikin Janairu 1885, a Abu Tulaihi, wadda Turawa ke kira Abu Klea. Bindigar Gardner ta cije, mutanen Mahadi suka kutsa cikin sahun soja, suka kashe masu riƙe da ita. Faransawa kuma suna da tasu mai bututu 25 a yaƙinsu da Jamusawa na 1870. Don tsananin ɓoye asiri ba a bari soja sun koyi aiki da ita sosai ba, kana aka ba da ita ga 'yan igwa, su kuwa suka jera ta can baya tare da igwa, inda igwar Jamus ta fi ta nisan harbi, ta yi ta farfasa ta. Daga nan manyan hafsoshin Turai suka yanke cewa irin wannan makami abin wasa ne. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Hiram Maxim an haife shi a 1840 a jihar Maine ta Amurka. Ɗan ƙauye ne, bai yi karatu mai zurfi ba, bai kuma taɓa zama soja ba. Mutum ne mai hannu, ya ƙera tarkon ɓera, da ƙarfen murɗa gashi, da fitilar lantarki, har ya yi ta jayayya da Edison a kan wa ya riga wani. A 1881 ya zo Turai wajen bajekolin kayan lantarki a Faris, daga baya ya zauna a Landan. Shi da kansa ya ba da labari cewa wani ɗan ƙasarsu ya ce masa ya bar wahalar lantarki, in kuɗi ya ke so ya ƙago abin da zai sawwaƙe wa Turawa kashe juna. Ya buɗe 'yar maƙera a unguwar Hatton Garden, ya sami takardun mallakar ƙirarsa tun daga 1883, a 1884 kuwa ya fara nuna wa mutane bindigar.

Dabarar da ya yi kowane maharbi a cikinku zai gane ta. Duk wanda ya taɓa harba bindiga ya san shurin da ta ke yi wa kafaɗa. Wannan shuri ƙarfi ne da ke tafiya a banza. Maxim ya ce, me zai hana a sa shi aiki? Sai ya shirya bututun bindigar yadda in an harba zai ja da baya kaɗan, misalin inci guda. A bayan bututun akwai wasu ƙarafa biyu haɗe da juna kamar gwiwar mutum. Lokacin harbi gwiwar a miƙe ta ke, ta tokare harsashi gam. Da bututu ya ja baya sai gwiwar ta lanƙwashe, ta zaro ƙwanson da aka harba, ta kuma ciro sabon harsashi daga cikin ɗamara. Sa'an nan sifirin ya mai da kome gaba, sabon harsashi ya shiga, gwiwa ta miƙe, bindiga ta sake tashi. Watau kowane harsashi shi ke ɗura wanda ke binsa. Aikin mutum kawai ya danne kunama, ya juya baki inda ya ke so. Harsasan a jere su ke cikin ɗamarar zane, 250 a ɗamara guda, bindigar kuwa tana iya fitar da wajen 600 cikin minti ɗaya. Sojan Ingila na wancan zamani, da bindigarsa Martini, in ya ƙware ya kan yi harbi goma sha biyu a minti. Ku yi lissafi da kanku. Ko an cire lokacin sauya ɗamara, mutum huɗu ko biyar sun tsaya a madadin talatin ko arba'in.

To, ina ruwan ya shigo? Ƙarfe in ya sha irin wannan wuta ya kan yi ja, ya lalace. Sai Maxim ya sa bututun cikin wata riga ta ƙarfe mai kama da ganga, ana cika ta da ruwa kusan galan guda. In an yi harbi ba tsayawa, kafin a gama ɗamara ta uku ruwan ya tafasa, tururi na tashi. Daga baya aka riƙa sa mesa tana kai tururin cikin gwangwani, don kada abokan gaba su hango shi, don kuma a mai da ruwan. Sojan da suka yi yaƙi da ita sun ba da labarin dafa shayi da ruwanta, da kuma yadda in ruwa ya yanke su ke zuba mata fitsari. Kakanninmu da suka ga ana ɗura mata ruwa ba su yi kuskuren suna ba ko kaɗan.

Ƙera bindiga daban, sayar da ita daban. Maxim ya yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa, Italiya, Ostiriya, Jamus, Rasha, yana harbi gaban sarakuna da janarori. A nan ya haɗu da wani ɗan kamasho mai suna Basil Zaharoff, Bagirke haifaffen ƙasar Turkiyya, wanda ke yi wa kamfanin Nordenfelt talla. Wannan mutum shi ne ya sayar wa Girka jirgin ƙarƙashin ruwa guda, kana ya haye wurin Turkawa ya tsorata su da shi, ya sayar musu biyu. Ana ba da labari cewa a Biyana, bayan Maxim ya gama harbi kowa ya yi mamaki, Zaharoff ya zagaya wurin 'yan jarida ya gaya musu wai bindigar Nordenfelt ce suka gani. Su kuwa hafsoshi ya raɗa musu cewa ta Maxim sai a hannun mai ita ta ke aiki, ba za ta ƙeru da yawa ba. Ina aka ƙare? A 1888 kamfanonin biyu suka haɗe suka zama ɗaya, Zaharoff ya koma tallan bindigar da ya ke kushewa jiya, da kamasho mai tsoka. A 1897 kamfanin Vickers ya saye su duka. Maxim ya zama ɗan Ingila, aka ba shi lambar Sir a 1901, Zaharoff ma daga baya ya sami tasa. Sun sayar wa Ingila, sun sayar wa Rasha, sun ba kamfanin Ludwig Loewe na Jamus izinin ƙera ta a can. Mai sayar da makami ba ya tambayar wa za a harba.

Su kuma masu saye suna da uzurorinsu, wasu na gaskiya ne. Na farko kuɗi. Maxim ya faɗi cewa da wani babban wazirin ƙasar Sin, Li Hongzhang, ya ji abin da harsasan minti ɗaya ke ci, sai ya ce lalle wannan bindiga ta fi ƙarfin aljihun Sin. Na biyu hayaƙi. Albarushin da, baƙi ne, yana turnuƙe wuri, bayan 'yan daƙiƙu mai harbi ba ya ganin gabansa, ga shi kuma yana toshe bututu da dauɗa. Wannan Faransawa suka warware shi a 1884, da Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi, Ingilishi kuma suka fito da nasu a 1889. Amma babban abin da ya hana, wanda ba a cika faɗa a fili ba, shi ne girman kan hafsoshi. Yawancinsu 'ya'yan masu ƙasa ne, da doki da takobi suka tashi, a ganinsu yaƙi shi ne sukuwa da mashi. Bindigar da wani makaniki zai zauna a ƙasa yana dannawa ba ta da daraja a idonsu. Suka tuna da ta Faransawa ta 1870, suka ce ai an gwada. Ingila ta fara saye kafin 1890, amma kaɗan kaɗan. Amurka, ƙasar Maxim ta haihuwa, sai 1904 ta karɓa, abin da ta saya duka duka bai kai 300 ba.

Inda aka karɓe ta hannu bibbiyu shi ne wurin masu cin ƙasashen Afirka, domin su mutanensu kaɗan ne, ƙasar kuwa da faɗi. Maxim ya ba Stanley guda ɗaya kyauta sa'ad da zai ratsa Kwango, don talla. Wannan bindiga ɗin ita ce wani kyaftin ya ɗauka ya shiga da ita Uganda a 1890, aka kuma harba ta a Mengo cikin Janairu 1892. Sunan kyaftin ɗin Lugard, wanda mu ke kira Lugga. Tun can ya san amfaninta. A Oktoba 1893, a bakin kogin Shangani, cikin ƙasar da a yau a ke kira Zimbabuwe, mutum wajen 700 na kamfanin Cecil Rhodes da bindiga mai ruwa biyar suka kashe mayaƙan Sarki Lobengula misalin 1,500, su kuwa suka rasa huɗu. Ran 2 ga Satumba 1898 a Umdurman, rundunar Kitchener, da igwa da jiragen ruwa da wannan bindiga, ta kashe mutanen Halifa Abdullahi fiye da 10,000 cikin safiya guda, nata matattun ba su kai 50 ba. A 1905 kuma, a Tanganika, mutane suka tayar wa Jamusawa, aka ba su ruwan magani aka ce harsashi zai zama ruwa a jikinsu. A Mahenge suka taso dubbai, aka tare su da bindiga biyu irin wannan.

Akwai abin da ba a cika gaya wa yara a makaranta ba. A 1890 ƙasashen Turai suka taru a Burasel suka sa hannu a kan yarjejeniya, wai ta hana cinikin bayi. A cikinta aka sa sharaɗin hana sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani a yawancin nahiyar. Bindigar toka mai ɗuri ta baki, wannan a yi ta saye. Saboda haka ko sarki yana da kuɗi, ko ya ji labarin bindiga mai ruwa, ƙofar sayenta a rufe ta ke.

Yanzu mu zo gida. A farkon 1897 Kamfanin Neja na Goldie ya tasam ma Bidda da soja ɗari biyar da 'yan kai, da igwa, da bindiga mai ruwa shida. Dawakin Nufe dubbai suka yi ta kawo hari ga sahun da aka tsayar mai kusurwa huɗu, ba su iya isa gare shi ba. Bidda ta faɗi, Ilori ta bi. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso Kano da soja ɗari bakwai da 'yan kai, igwa huɗu, bindiga mai ruwa huɗu, Sarki Alu kuwa ba ya gari. A Kano dai mu faɗi gaskiya, ba ita ta yi aikin ba. Harsashinta ba ya yi wa ganuwa kome, igwa ce ta fasa ƙofa. A Sakkwato ne, ran 15 ga Maris, aka ga aikinta, gama rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta fito fili bayan ganuwa ta ja daga. Tun daga nesa, inda kibiya ba ta kaiwa, aka buɗe musu wuta. Waɗanda suka kewaye tuta suka ƙi gusawa, aka kashe su a gindinta ɗaya bayan ɗaya. A Burmi, cikin Mayu, mutanen gari suka kori ayarin farko da kibau masu dafi, ko da shi ke yana da bindigar. Sai ran 27 ga Yuli aka komo da ƙarfi, aka kashe Attahiru da ɗaruruwan mutanensa, Manjo Marsh shugaban Turawan shi ma ya mutu. Ɗan Attahiru, Mai Wurno, ya wuce gabas da sauran jama'a, garin da suka kafa a Sudan yana nan da sunansa.

Mun sha jin wasu na cewa kakanninmu gudu suka yi. Wanda ya faɗi haka bai yi lissafi ba. Doki in ya zabura, kafin ya ci yadi ɗari shida ya kan ɗauki wajen minti ɗaya. Cikin minti ɗin nan bindiga huɗu sun zubo harsashi dubu biyu, ban da igwa, ban da bindigogin soja. Sulke da lifidi an yi su ne domin kibiya da mashi. Jarumtaka ma a irin wannan fili ita ke kai mutum ga halaka, gama wanda ya fi ƙarfin zuciya shi ke gaba. Abin da ya faru a Satiru cikin Fabrairu 1906 shi ya nuna sirrin. Talakawa ne da gatari da fartanya, suka auka wa sojan doki tun ba a kafa bindigar ba, suka kashe Turawa uku da soja ashirin da biyar, suka kwashe bindigar kanta. Nauyi gare ta, ita kaɗai ta kai laba sittin ban da ƙafafu da ruwa da akwatunan harsashi, sai an sauke an ɗaura. Wata guda bayan haka aka komo a shirye, aka kashe mutum wajen 2,000, aka shafe garin. Kada kuwa mu manta, hafsoshi ne kawai Turawa. Sojan da ke sahu Hausawa ne da Yarabawa da sauran 'yan ƙasa, 'yan alaro da suka ɗauko bindigar a ka tun daga Zungeru su ma namu ne.

To, jama'a, ga abin mamaki. Hafsoshin da suka ga wannan duka da idonsu, suka rubuta rahoto, suka karɓi lambobin girma a kansa, da suka koma gida sai aka ce ai wannan yaƙin baƙar fata ne, ba a ɗaukar darasi daga gare shi. Wai sojan Turai mai horo ba za a tsai da shi haka ba. Suka manta cewa harsashi bai san launin fata ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905 aka sake nuna musu, wannan karon tsakanin runduna biyu masu horo irin na Turai. Japanawa suka yi ta hawa tuddan Port Arthur, bindigogin Rasha na karkaɗe su. 'Yan kallo daga rundunonin Turai suna wurin. Jamusawa suka ɗauki abin da muhimmanci, suka gyara tasu suka fito da ita a 1908, Rasha ta fito da tata mai ƙafafun keke da garkuwa a 1910. A Ingila wani malamin harbi, Manjo McMahon, ya roƙi a ba kowace bataliya shida. Aka ce babu kuɗi. Sai ya koma koya wa soja harbin gaggawa da ƙaramar bindiga, sau goma sha biyar a minti, don ya toshe giɓin. Shi kansa an kashe shi a fagen fama cikin Nuwamba 1914.

A 1912 Ingila ta karɓi sabuwar ƙira, wadda kamfanin Vickers ya rage wa nauyi, aka sa mata sunan kamfanin. Amma da yaƙi ya tashi a Agusta 1914, bataliya mai mutum kusan dubu bindiga biyu gare ta. An daɗe ana cewa Jamus ta fi su yawa nesa ba kusa ba. In aka duba rabon, su ma biyu ne ga bataliya. Bambancin shi ne Jamusawa sun tattara nasu shida shida a kamfani guda, da hafsansu, da zaɓaɓɓun mutane da aka horar domin wannan aiki kaɗai, ana kai su inda a ke bukata gaba ɗaya. Ingilishi kuwa sun warwatsa nasu, sau da yawa a hannun ƙaramin hafsan da ba wanda ke jin maganarsa. Kafin shekara ta ƙare rundunonin duka sun shige ramuka tun daga teku har iyakar Suwizalan, gama babu mai iya tsayawa a fili.

Wanda ya warware maganar adadi a Ingila farar hula ne. A 1915 aka naɗa Lloyd George ministan kayan yaƙi. Ya aika a tambayi Kitchener, ministan yaƙi, bindiga nawa a ke so ga bataliya. Kitchener ɗin nan fa shi ne na Umdurman. Ya ce biyu a ƙalla, huɗu a yawaita, abin da ya haura haka alatu ne. Lloyd George, bisa ga labarin da ya bayar da kansa, ya ce a ɗauki huɗun a buga ta sau huɗu, a ninka, a sake ninkawa don sa'a, watau 64, a kafa masana'antu bisa wannan lissafi. Kamfanin Vickers a lokacin yana tsuga wa gwamnati kuɗi a kan kowace bindiga, sai da aka matsa masa ya rage. A Oktoba 1915 aka kafa runduna ta musamman domin wannan makami, abin da Jamusawa suka yi tun da. Mutum wajen 170,000 suka yi aiki a cikinta, fiye da 12,000 suka mutu, gama duk inda aka ji ƙarar bindigar nan can igwa ke sauka.

Samun bindiga bai sauya tunanin janarori nan da nan ba. Ran 1 ga Yuli 1916, a bakin kogin Somme cikin Faransa, bayan an yi mako guda ana ruwan igwa, aka gaya wa soja cewa babu sauran mai rai a ramukan Jamus, su fito su taka. Jamusawa kuwa suna can ƙarƙashin ƙasa cikin ɗakuna masu zurfi. Da igwa ta yi shiru suka hauro da bindigoginsu suka kafa. A wannan yini ɗaya Ingila ta yi hasarar mutum 57,470, daga cikinsu 19,240 matattu. Da yawansu leburori ne da akawuna da masu haƙar kwal, 'yan gari ɗaya da aka yi wa alkawarin za a bar su a bataliya ɗaya in sun shiga soja, saboda haka akwai unguwannin da kusan kowane gida ya sami takardar rasuwa cikin mako guda. Shekara goma sha uku ke nan bayan Sakkwato. Maxim ya mutu a Landan ran 24 ga Nuwamba na wannan shekara, kwanaki kaɗan bayan an daina faɗan Somme. Ya daɗe da kurmancewa saboda ƙarar bindigarsa. Ɗansa, Hiram Percy, shi ya ƙago abin da a ke sa wa bindiga a baki don rage ƙara.

Namu ma ba su tsira ba. A ƙarshen Agusta 1914 aka tura sojan Nijeriya daga Yola su ci Garwa a Kamaru. Jamusawa sun haƙa ramuka, sun kafa bindiga mai ruwa, aka kore su da hasara mai yawa, Kanar Maclear da ke jagorantarsu ya mutu. Watau rundunar da ta harba ta a Sakkwato ita ce ta sha ta a Garwa. A dutsen Mora kuwa Kyaftin von Raben da 'yan mutanensa suka tsare har Fabrairu 1916, bayan sauran Kamaru duka ta faɗi.

Yaƙin nan ya nuna wani aibi na bindigar, watau tana tsare wuri amma ba ta bin mai kai hari. Aka nemi marar nauyi wadda mutum ɗaya zai ɗauka. Wani kanar na Amurka, Isaac Lewis, ya gama irinta tun 1911, iska ke sanyaya ta, faifan harsashi 47 a kanta, nauyinta laba 28. Ba ya shiri da shugaban ofishin makamai na ƙasarsu, aka ƙi ta. Ya bar aiki ya tafi Baljiyam a 1913, kana aka shiga ƙera ta a Birmingham, Ingila ta raba wa bataliyoyinta tun daga 1915. Da Amurka ta shiga yaƙi a 1917 sai ta tarar ba ta da isassun bindigogi, sojanta suka riƙa aron na Faransawa. Bayan Lewis aka yi Bren, wadda sojanmu na runduna ta 81 da ta 82 suka riƙe a Bama lokacin yaƙin Hitila.

Ita dai mai ruwan ba ta tafi da wuri ba. Sojan Ingila ba su ajiye Vickers ba sai a Maris 1968, shekara 56 bayan karɓarta. Rasha ta ƙera tata da yawan gaske har ƙarshen yaƙin Hitila, ta tara a rumbuna. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, 'yan jarida suka tarar da sojan Yukiren cikin ramuka a wajen Bakhmut da bindigar ƙirar 1910, da ƙafafunta na keke da rigarta ta ruwa, suna harbi da ita.

Shugaba, nan za mu tsaya. An ce akwai masu tambaya, to, bismilla.